Tafiyar Masunta: Daga Kabi Zuwa Darak Da Lagdo

In aka yi maganar yadda Hausawa suka watsu a ƙasashen nan, fatake da mahajjata da almajirai ake fara ambata. Akwai kuwa ayari na huɗu da ba a cika tunawa da shi ba, wato masunta, waɗanda kifi ya raba su da garuruwan haihuwarsu, suka bi shi tafiyar da ta wuce kilomita 1,000.

Tushen wannan tafiya yana gaɓar kogin Kwara. Sarkawa jikokin Sorko ne, masu jiragen ruwan daular Songhai. Bayan da Kanta ya ɓalle daga hannun Askiya Muhammadu wajen 1516 ya kafa Kabi, wani reshe nasu ya zauna a ƙasashen Kabi da Yawuri, ya saje da mutanen wurin har Hausa ta zama harshensa. Ba su san zama wuri ɗaya ba. Idan ruwa ya fara janyewa bayan damina, sai su loda taru da mamari da iyali a kwalekwale, wasu su haura wajen Gao, wasu su gangara Lokoja su shiga Binuwai. Tafiyar watanni ce da filafili da gora. Duk inda suka sauka sai sun nemi iznin sarkin ruwa kafin su jefa koma. A 1950 Bafaranshe Jean Rouch ya yi rubutu a kansu, ya kira su masunta matafiya.

A tsakiyar ƙarni na 20 abubuwa uku suka ƙara wa tafiyar nisa: zaren roba, wanda ba ya ruɓewa kamar na auduga, da injin jirgi, da mota. A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000, cike da giwan ruwa da tarwaɗa da ƙarfasa. Da aka samu hanyar mota daga Maiduguri zuwa Baga, sai bandar kifi ta zama dukiya, ana loda ta a manyan motoci har Onitsha. Labari ya kai ƙasar Hausa, Kabawa da Sarkawa da mutanen Haɗeja suka yi ta kwarara gabas, suka tarar da Buduma da Kotoko da Barebari, waɗanda tafkin ya zame musu gado.

Sai fari ya zo. A 1973 tafkin ya rabe gida biyu, zuwa tsakiyar shekarun 1980 kuma ya koma ƙasa da murabba'in kilomita 2,000. Masunci bai san taswira ba, ruwa ya sani. Duk inda gaɓa ta ja da baya sai ya tashi bukkarsa ya bi ta, wuraren da ruwa ya bari kuma aka mayar da su gonakin masara da wake. A haka aka tsallaka iyaka ba tare da an ga alamarta ba, aka cika Darak da ƙauyukan da ke kewaye da shi. A wannan zamani ne gurar Mali ta yaɗu, ana jera ta ɗaruruwa a tare mashigar ruwa, abin da ake kira dumba.

Hukuma kuwa ba ta manta da taswira ba. Najeriya ta bi mutanenta da 'yan sanda da haraji, Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya. Ranar 10 ga Oktoba 2002 kotun ta tabbatar da iyakar da Ingila da Faransa suka shata a 1919 da 1931. A Disamba 2003 aka miƙa wa Kamaru ƙauyuka fiye da 30. Mutumin da bai gusa daga ƙofar gidansa ba ya wayi gari yana neman takardar zama.

Madatsun ruwa ma sun buɗe sababbin hanyoyi. Na Kainji a 1968, na Maga a 1979, da na Lagdo kusa da Garwa a 1982, kowanne ya haifi tafki, kowane tafki ya haifi sansanin masunta da kasuwa da masallaci. A Ghana, madatsar Akosombo ta 1965 ta mayar da Yeji, tsohon mashigin fataken goro, babbar kasuwar kifi. Da rikicin Boko Haram ya ci Baga a Janairu 2015, aka kuma hana su da cinikin kifi a sassan tafkin, sai tafiya ta sake tashi, wannan karon ta gudun tsira.

Wannan tarihi yana da amfani biyu a gare mu. Idan aka ce mana baƙi, mu san shekarar da iyayenmu suka zo da abin da ya kawo su, mu kuma riƙe takardun 'ya'yanmu da kyau, domin Darak ta nuna cewa daɗewa a wuri ba ta isa hujja a gaban hukuma. Na biyu, magabata sun yi nisa ne don suna da yaƙinin akwai wani ruwa a gaba. Yau kowane tafki yana da masu shi da dokarsa. Wanda ya kwashe 'ya'yan kifi da taru mai ƙananan idanu, ba shi da wani Lagdo da zai koma.

Wanda yake da dattijo masunci a gida, ya tambaye shi sunayen mashigan da ya sauka, ya rubuta mana a ƙasa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci ruwayenmu.