Shifra da Fuwa a Ma'aunin Ungozomancin Hausa: Nazarin Uzurin da Aka Kai wa Fir'auna

Tsakure

Maƙalar nan ta ɗauki ungozomomi biyu da littafin Fitowa ya ambata a babi na 1, aya ta 15 zuwa 21, ta auna amsar da suka ba Fir'auna da yadda ake haihuwa a karkarar Babura. Abin da take son tabbatarwa shi ne cewa uzurin nasu bai ci ba sai don an gina shi a kan al'adar da kowa ya sani, kuma mai karatu Bahaushe ya fi kusa da gane haka fiye da yawancin masu sharhi.

Gabatarwa

A Babura, kamar sauran garuruwan Jigawa da ke bakin iyaka da Damagaram, yaro yana fara sanin kuɓutar Bani Isra'ila ne ta cika-ciki. Hadisin Ibn Abbas da Buhari ya ruwaito ya nuna Annabi (SAW) ya tarar da Yahudawan Madina suna azumin Ashura don tuna ranar da Allah Ya tserar da Annabi Musa daga Fir'auna. Sunayen da ake ji a majalisin tafsiri sanannu ne: Musa, Haruna, Asiya, Hamana. Ungozoma ba ta da suna a nan. A littafin Fitowa kuwa, wanda cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 ta kawo wa masu karanta Hausa, abin ya juye: sarkin ne ba a faɗi sunansa ba, matan biyu aka ambata, Shifra da Fuwa.

Su waye su?

Lafazin Ibrananci yana ɗaukar ma'ana biyu, ko dai ungozomomi Ibraniyawa, ko kuma ungozomomin da ke yi wa Ibraniyawa, wato Bani Isra'ila, aiki. Yusifus, masanin tarihin Yahudawa na ƙarni na 1 Miladiyya, ya ɗauke su Misirawa. Talmud, littafin malaman Yahudawa, a sashen Sota, ya kawo ra'ayin cewa sunayen laƙabi ne kawai, matan su ne mahaifiyar Musa da yayarsa Maryamu, malamin Yahudawa Rashi (1040–1105) ma ya bi wannan ra'ayi. Akwai kuma wata takardar Masar ta ƙarni na 18 kafin Miladiyya, da ke ajiye a gidan tarihi na Buruklin a Amurka, wadda ta jera sunayen bayin wani gida, a ciki har da mai kama da Shifra. Wannan ya nuna sunan tsoho ne a Masar, bai nuna ita ce ba.

Ta yaya mata biyu za su wadaci al'umma guda? Ibn Ezra, wani malamin Yahudawa, ya amsa cewa shugabannin sana'ar ne, da ɗaruruwa a ƙarƙashinsu. Wanda ya san Sarkin Aska da Sarkin Pawa ba zai yi mamaki ba. Mai mulki ba ya tara masu sana'a duka, babbansu yake kira.

Alƙur'ani ya ambaci yanka 'ya'ya maza da barin mata a Baƙara aya ta 49 da Ƙasas aya ta 4, bai kawo ungozoma ba. Masu tafsiri ne suka shigo da ita. Wajen Ibn Kasir ungozomomin 'yan leƙen asiri ne, suna zaga gidaje suna ƙididdige masu ciki. Bagawi kuwa ya kawo labarin guda daga cikinsu da ta karɓi haihuwar Musa, ta ga haske a tsakanin idanunsa, ta rufa asiri.

Uzurin da kansa

Umarnin sarki shi ne a kashe namiji yayin da uwa take kan duwatsun haihuwa. Da suka ƙi, aka kira su, sai suka ce matan Ibraniyawa ba kamar na Masar ba ne, ƙarfi gare su, kafin ungozoma ta iso sun riga sun sauka. Malaman Kirista sun daɗe suna kai-kawo a kan wannan amsa. Agustin, a littafin da ya rubuta kan ƙarya wajen shekara ta 420, ya yanke cewa ladar da suka samu ta tausayi ce, ba ta ƙaryar ba. Sau da yawa muhawarar takan tsaya a kan zaton cewa babu macen da ke haihuwa ba ungozoma a kanta.

A al'adar Hausa wannan zato ba ya tsayuwa. Mace mai naƙuda, musamman wadda ba haihuwar fari ba, kunya tana hana ta kira. Takan shige ɗaki ta durƙusa, ta danne murya, domin raki a naƙuda abin gori ne har tsufa. Sai an ji kukan jariri uwar miji ko kishiya take tura yaro: "Maza ka kira Iya, ka ce an sauka." Tsohuwar za ta iso da mayafi a kafaɗa, ta yanke cibi da reza, ta jira mabiyiya ta fita ta binne ta, ta wanke jaririn, ta sa a ɗora tukunyar wankan jego da ganyen darbejiya ko runhu. Aikinta yana farawa ne inda na ungozomar asibiti yake kusan ƙarewa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna har lokacin mafi yawan haihuwa a Arewa maso Yamma a gida ake yi.

Ba a cewa matan Ibraniyawa Hausawa ne, kuma nassin da kansa ya faɗa cewa da gangan ungozomomin suka bar yaran, don tsoron Allah. Amma kwatancin yana buɗe abu biyu. Na farko, abin da suka faɗa yana yiwuwa, shi ya sa sarki bai musa ba. Ya fi kusa da abin da malamanmu ke kira tauriyya, a faɗi gaskiyar da ke rufe wata. Kalmar da aka fassara da ƙarfi ma tana iya nufin dabbobin dawa, wato sun miƙa wa sarki rainin da ya riga yake yi wa bayinsa, ya karɓa da hannu biyu.

Na biyu ya fi muhimmanci a ganina. Dabarar Fir'auna ta dogara ne da ɗan lokacin nan tsakanin fitowar jariri da kukansa na farko, inda hannu ɗaya zai iya maƙure shi a ce bai zo da rai ba. Idan ungozoma ta makara, wannan ƙofa ta rufe: yaro ya yi kuka, matan gida sun leƙa, an riga an ce "namiji ne". Matan ba su ce wa sarki ba za mu yi ba. Sun nuna masa cewa kisan ɓoye ba shi da wurin aukuwa. Ayar da ta biyo baya, ta 22, ta tabbatar da wannan karatu, domin a nan ne ya bar ungozomomi ya umarci jama'arsa duka, a fili, su jefa jarirai maza a kogin Nilu, kogin da mahaifiyar Musa ta sa ɗanta a ciki da hannunta.