Fombina, Kudancin Daular Sakkwato

Fombina kalmar Fulatanci ce mai nufin kudu. Da wannan suna aka san masarautar da ke can ƙuryar kudu maso gabas ta daular Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda yau ake kira Adamawa.

Tun kafin jihadi Fulani makiyaya ke gangarowa kwarin Binuwai daga Barno, suna zaman baƙunta a ƙasar Bata da sauran ƙabilu. Wajen 1809 Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu. A Sifawa, daf da Bodinga, Shehu ya raba ragamar mulki a 1812, yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Fombina ta faɗa rabon Bello, shi ya sa gaisuwarta Sakkwato take zuwa, ba Gwandu ta Abdullahi ba. Adama ya fara zama a Gurin, ya koma Ribadu, sannan ya kafa Yola a 1841. Ya rasu a 1847.

Ƙasar na da faɗi, an ƙiyasta ta kai murabba'in kilomita 100,000. Arewacinta, wajen Marwa, fili ne mai ƙaya da zafin rana, Basakkwace ba zai ji baƙunta ba. Tsakiya kuwa Binuwai da Faro ne ke ratsawa, duwatsun Alantika na tsaye a gefe. Daga nan ƙasa sai ta yi ta hawa har tudun Ngaundare, sama da mita 1,000, inda ake kwana da bargo, ciyawa kuma ta wadata. Wannan tudu shi ya ja masu shanu. Fatake Hausawa da Barebari suka biyo sawu neman hauren giwa da goro, suka kafa unguwanni a Banyo da Tibati. Ba a nan labarin ya tsaya ba: dukiyar lamidai (sarakunan ƙasar) da yawa daga kamen bayi ta fito, mutanen duwatsu ne suka ɗanɗana kuɗarsu. Nisa kuma ya sa Tibati ta sha yi wa Yola taurin kai.

Turawan Ingila sun ci Yola a Satumban 1901, zamanin Lamiɗo Zubairu, Jamusawa suka kwashe kaso mafi girma na ƙasar. Har yau fadar tana Nijeriya, akasarin ƙasar kuwa tana Kamaru.