Renon Yara a Ƙasar Boɗinga da Shagari: Waiwaye Cikin Tarihi

Duk mai son sanin matsayin jariri a wajen al'ummar kudancin birnin Sakkwato, wajibi ne ya waiwayi zamanin jihadi. Tsakanin wajen 1810 da 1815 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa yana karantarwa, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga. Fiƙihun Malikiyya da suka yaɗa ya tsara haƙƙin yaro daki-daki. Cikar shayarwa shekara biyu ce, ciyar da mai shayarwa yana wuyan uba, reno kuwa haƙƙin uwa ne, in ta faku ya koma hannun mahaifiyarta.

Wannan tsari ya tarar da al'adun Hausawa da Fulani, suka cuɗanya. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki. Bayan haihuwa takan yi wankan jego na kwana 40, tana shan kunun kanwa, dattijuwa tana kula da ita. Jariri yakan kwana jikin uwarsa, ya yini a bayanta ko a bayan wata 'yar gidan. Lokacin yaye kuwa sai a kai shi wajen kaka. Kunyar ɗan fari ma takan sa rabin renonsa ya koma hannun dangi.

Haka abin yake idan maraici ya auku. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925, yana ɗan shekara biyar mahaifinsa, Magajin Shagari Aliyu, ya rasu. Gidansu bai watse ba, ya shiga makarantar Yabo a 1931, har ya zama Shugaban Ƙasa a 1979.

Sai dai ba kowace al'ada ce ta amfani yaro ba. An daɗe ana matse dakashi, wato nonon farko, a zubar, ana kuma ɗura wa jariri ruwa da bauri. Binciken likitoci ya tabbatar dakashi shi ne rigakafin farko, gurɓataccen ruwa kuwa yana kawo zawo mai kisa. Saboda haka a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar tallar madarar gwangwani, a 2001 kuma ta ba da shawarar nono zalla har wata 6.

Abin lura a nan shi ne, yawanci uwa kaɗai ake yi wa wannan gargaɗi a asibiti, alhali tun asali ba ita kaɗai ke yanke shawara kan ɗanta ba. Uwar miji da ungozoma su ne masu riƙe da ƙoƙon bauri, miji ke riƙe da cefane. Muddin gargaɗin bai isa kunnensu ba, a ƙofar gida zai tsaya, jariri kuwa shi zai ɗauki hasarar.