Daga mazari zuwa tsinken saƙa: tarihin hular jariri da kayan barka

Gabatarwa

A biranen Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, da wuya a yi zanen suna a lokacin ɗari ba a ga hular ulu da ƴan safa da ƴar rigar sanyi cikin kayan da mata ke kai wa maijego ba. Ido ya saba da su har ana ɗaukar su tamkar gadon kaka da kakanni. Amma tarihi ya nuna cewa saƙar tsinke baƙuwa ce a gidajen Hausawa, domin ba ta daɗe da cika shekara ɗari a hannun matan wannan yanki ba, in ma ta cika. Abin tambaya shi ne: daga ina ta fito, wace hanya ta biyo, kuma me ya sa ta samu wurin zama alhali wasu sana'o'in da makarantar boko ta zo da su sun shuɗe?

Kalma ɗaya, sana'a biyu

Hausa na amfani da kalmar saƙa wajen ayyuka biyu da suka bambanta. Saƙar masaƙa tana buƙatar zare kashi biyu, na tsaye da na kwance, ƙoshiya na ratsawa tsakaninsu, sai a samu ƙyalle mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa. Saƙar tsinke kuwa zare guda ne ake lanƙwasawa, a yi ƴan zobba, kowane ya sarƙe cikin ɗan'uwansa. Shi ya sa abin da aka saƙa da tsinke yake miƙewa ya koma, ya bi siffar kai ko ta ƙafa, ya kuma riƙe iska mai ɗumi a cikin ramukansa. Kwarashi, wato tsinke guda mai ƙugiya, ƙanen saƙar tsinke ne, a farkon ƙarni na 19 ya bazu a Turai.

Kafin zuwan tsinke

Tun kafin Turawa su iso, ƙasar Hausa ƙasar zare ce. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya ratsa Tasawa da Katsina ya shiga Kano a 1851, ya kuma sauka Damagaram a ƙarshen 1852, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Wannan arziki duka a hannun mata yake farawa. Su ke gurzar auduga su fid da angurya, su shiɓe ta, su zauna da mazari da alli suna kaɗi. Zaren da mace ta kaɗa nata ne: ta sayar, ko ta kai wa masaƙi, ko ta saƙa da kanta a masaƙar mata ta tsaye.

Jariri na da rabonsa a cikin wannan aiki. Idan mace ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, kakar wajen uwa kan tanadi zanen goyo da majanyi, wato ɗamarar saƙi da ake ƙarfafa goyo da ita. Sabon haihuwa bai cika sa riga ba. Ɗuminsa na zuwa ne daga jikin uwa, da tsumman da aka naɗe shi, da wutar ɗakin jego har kwana arba'in. Ga kuma al'adar barka da biki: duk wadda aka kai wa gudummawa ranar sunan ɗanta, ta san bashi ne da za ta rama ranar da ƙawarta ta haihu. Ke nan abubuwa uku sun riga sun kafu: mace mai sarrafa zare, kuɗin da ke shiga hannunta, da kyautar da ake jira daga gare ta ranar suna.

Asali daga Masar

Mafi tsufan shaidun wannan sana'a a Afirka aka tono su. A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai safar ƙafar hagu ta wani yaro, wadda aka samo a kangon birnin Antinupolis na Masar, an yi ta wajen shekara ta 300 bayan haihuwar Annabi Isa (AS). Da gashin tumaki aka yi ta, mai ratsin launuka, an raba babban yatsa da sauran domin a iya sa takalmi mai maɗauri. Sai dai da allura guda aka sarƙa ta, dabarar da ta girmi tsinke. Saƙar tsinke ta ainihi ta bayyana ne a Masar ta zamanin Musulunci, tsakanin ƙarni na 11 da na 14, inda aka samu safunan auduga fari da shuɗi, wasu da adon haruffan Larabci.

Daga nan sana'ar ta ƙetara zuwa Andalus. A gidan ibada na Las Huwelgas, kusa da birnin Burgos na Sifen, an buɗe kabarin yarima Fernando de la Serda wanda ya rasu a 1275, aka tarar da matashin kai na siliki da aka saƙa da tsinke, saƙa mai laushin da ta kai zobba takwas a santimita guda. A gefensa an saƙa kalmar Larabci baraka, abin da ya sa masana ke jingina aikin ga masaƙa Musulmi. Wannan kalma ita ce tushen albarka da barka na Hausa.

Akwai reshe guda na wannan tarihi da ya iso ƙasar Hausa ta Hamada, ba ta teku ba. Musulmin da aka kora daga Sifen a 1609 sun bunƙasa sana'ar jar hula a Tunis. Mata ke saƙa ta da tsinke, babba sakwa-sakwa, sannan a dake ta cikin ruwa har ta tsuke ta yi kauri, a rina ta ja. Ita ce dara, wadda ayarin raƙuma ke kawowa ta Gadamas da Agadas zuwa Damagaram da Kano. Wato sarakuna da attajiran Hausa sun daɗe suna sa saƙar tsinke a ka, amma hajar ce ta zo, dabarar ta tsaya a can.

Yadda Turai ta haɗa tsinke da jariri

A wajen 1400, wani mai zane Bajamushe da ake kira Bertram ya zana Nana Maryamu riƙe da tsinke huɗu tana ƙarasa wuyan wata ƴar riga, ɗanta na gefe. Hoton na birnin Hambug har yau, yana kuma cikin shaidu na farko da suka nuna uwa tana saƙa wa ɗanta. Duk da haka, a ƙarnukan da suka biyo baya saƙar kasuwa sana'ar maza ce masu ƙungiyoyi da sarautunsu. A 1589 wani Bature ɗan Ingila, William Lee, ya ƙera na'urar saƙa safa. Sannu a hankali na'ura ta karɓe kasuwa, saƙar hannu ta koma cikin gida, ta zama aikin mata.

Faransanci na kiran kayan jariri layette. Asalin kalmar ƙaramin akwati ne, daga baya sunan ya koma kan abin da ke ciki. Malamin Hausa zai tuna da lefe, wanda asalinsa kwandon kaba ne kafin ya zama sunan kayan aure.

A ƙarshen ƙarni na 19 batun jarirai ya zama batun siyasa a Faransa. Bayan kashin da ta sha a hannun Jamus a 1870 zuwa 1871, hukumomi sun tsorata da ƙarancin haihuwa da yawan mutuwar jarirai. A 1874 aka kafa dokar Roussel ta kare yara ƙanana da ake ba da su raino. Dokar Jules Ferry ta 28 ga Maris 1882 ta sa aikin allura cikin darussan ɗiya mata na firamare, ta ba maza atisayen soja. A 1892 likita Pierre Budin ya buɗe wurin awon jarirai a Paris, a 1894 kuma likita Léon Dufour ya kafa gidan rabon madara a Fekam. A kewayen irin waɗannan wurare matan masu hali suka riƙa saƙa huluna da riguna suna raba wa matalauta. Tun daga lokacin, tsinke da sikelin awo suka zama abokan tafiya.

Hanyar makaranta da asibiti

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Nijar ta zama yankin mulkin mallaka a 1922, aka mai da babban birni Yamai a 1926. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, masu mulkin sun kawo damuwarsu ta yawan jama'a zuwa Afirka ta Yamma, domin suna bukatar ƴan ƙwadago da sojoji da masu biyan haraji. Makarantar likitanci ta Dakar da aka buɗe a 1918 ta soma horar da ungozomomin zamani. A 1938 aka buɗe makarantar horar da malamai mata ta Rufisk a Senegal, ƙarƙashin Germaine Le Goff, inda ɗalibai daga yankunan Faransa na Afirka ta Yamma ke koyon ɗinki da saƙa da renon jarirai tare da karatu. Mishan ma, na Katolika da na SIM wadda ta buɗe asibitin Galmi a 1950, sun sa aikin hannu cikin abin da suke koya wa mata.

Manufar wannan koyarwa a fili take: a samar wa ma'aikacin gwamnati matar gida irin ta Turai. Amma makaranta kaɗai ba za ta bayyana yaɗuwar saƙa ba, domin lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai biyar cikin ɗari ba, ɗiya mata kuwa sun fi ƙaranci. Daga hannu zuwa hannu sana'ar ta bazu: malama ta koya wa ƙanwarta, ungozoma ta koya wa maƙwabciya, matar ma'aikaci ta tafi da tsinkenta duk garin da aka tura mijinta. Daga baya gidajen koyon sana'a na mata, da Ƙungiyar Matan Nijar da aka kafa a 1975, suka faɗaɗa hanyar.

Dalilin da ya sa ta zauna

Saƙar tsinke ta iso ne daidai lokacin da atamfa da yadin masana'anta ke kashe kasuwar zaren hannu. Mazari ya koma hannun tsofaffi, majanyin saƙi ya fara ba da wuri ga tawul da gyale. Tsinke ya cike gurbin da kaɗi ya bari, domin halinsu ɗaya: ba ya son jari mai yawa, ana yin sa a zaune cikin gida, ana ajiye shi a duba tukunya a dawo, kuma mace mai kulle na iya ba yaro ya kai talla ko a zo har ɗaki a saya. Sannan ya dace da al'adar biki, inda kyautar da aka ɓata kwanaki ana yi ta fi wadda aka saya daraja.

Zaren roba ya ƙarasa aikin. A 1950 kamfanin DuPont na Amurka ya fara sayar da zaren akirilik da sunan Orlon. Irin wannan zare ya fi gashin tumaki araha, yana jure wanki, asu ba ya cin sa, ga launuka masu haske. Mafi yawan abin da ake kira ulu a kasuwannin yankin a yau shi ne, ko gashin tunkiya ɗaya babu a ciki.

Abin da ke cikin haɗari

Yanzu hular hannu na fuskantar abin da ya sami mazari. Kayan jarirai na kanti daga Sin da dilolin gwanjo sun cika kasuwa, ana samun saiti guda a kuɗin da bai kai na zare da wahalar mai saƙa ba. Ƴan mata da yawa sun tashi ba su taɓa riƙe kwarashi ba.

A daidai wannan lokaci ne kuma likitanci ya tabbatar da amfanin hular. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36,5 da 37,5. Kan jariri babba ne in an gwada da jikinsa, zafi na fita ta nan da sauri, musamman ga bakwaini da wanda nauyinsa bai kai kilo 2,5 ba, balle a daren hunturu na Disamba da Janairu. A 1978 likita Edgar Rey na birnin Bogota a Kolombiya ya ɓullo da dabarar da ake kira kangaru: a ɗora jariri a ƙirjin uwa fata da fata, daga shi sai nafkin da hula, a ɗaure da zane. A 2022 hukumar ta ba da shawarar a fara hakan nan take bayan haihuwa. Wannan goyo ne aka mai da shi gaba, aka ƙara masa hula. Sai dai kowane abu da lokacinsa: naɗe jariri cikin ulun roba a tsakiyar bazara, zafi ya haura digiri 40, na jawo ƙurajen zafi da wahala.

Kammalawa

Hular da ke cikin kayan barka ta yi doguwar tafiya: daga Masar zuwa Andalus, daga Faransa zuwa Rufisk, daga aji zuwa tsakar gida. An kawo ta da wata manufa, matan Hausa suka karɓe ta da tasu. Aikin da ya rage na malamai ne da ƙungiyoyin al'adu. Tsofaffin da suka yi kaɗi suka kuma ga zuwan tsinke suna ƙarewa, a bakinsu ne sunayen salon saƙa da labarin wadda ta fara koya wa unguwa suke. Ɗalibai na iya ɗaukar wannan a rubuce cikin Hausa da Faransanci, a tara tsofaffin majanyai da hulunan farko a gidajen al'adu, a kuma haɗa masu saƙa da ɗakunan haihuwa da ke bukatar ƙananan huluna kafin ɗari ya shigo. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, ita kuwa sai an adana ta ake samun ta ranar bukata.