Wusasa: Ikkilisiyar da Baƙi Suka Taru Suka Gina

A shekarar 1900 wani ƙaramin ayari na Turawan mishan, ƙarƙashin Bishop Tugwell na ƙungiyar CMS, ya isa Kano bayan doguwar tafiya daga bakin teku. Sarkin Kano Alu bai ba su masauki ba. 'Yan kwanaki ya yanka musu su tattara nasu ya nasu su bar masa gari. Suka juyo kudu, suka yada zango a Girku cikin ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. A cikin waɗanda suka rage akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda tun kafin tafiyar ya je Tarabulus ya koyi Hausa a bakin fatake da alhazai. Shi ne ya nace. A 1905 ya samu wurin zama a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta ta yara maza da ke kwana a gidansa.

Daga wannan gida ne ikkilisiyar da ake kira Saint Bartholomew ta Wusasa ta samo asali, kuma duk wanda yake son ya gane yadda mutanenta suke da karɓar baƙo, to ya fara duba su wane ne suka fara cika ta. Kusan babu ɗan gida a cikinsu. Akwai yaran da aka 'yanto daga bauta, akwai marayu, akwai 'ya'yan Fulani da na malamai da iyayensu suka ba da su a koya musu boko, akwai kuma waɗanda danginsu suka juya musu baya don sun sauya addini. Kowa da inda ya fito, ƙwarya ɗaya ce ta haɗa su.

Mafi ban mamaki a cikinsu su ne Isawa. Tun kafin Bature ya taka ƙasar Hausa da wa'azinsa, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim. Nazarin da ya yi wa ayoyin da suka ambaci Annabi Isa ya kai shi ga ba shi wani matsayi da sauran malamai ba su yarda da shi ba. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano wajajen 1867. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan Kano da Zazzau, suna riƙe da abin da ya koya musu. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Miller da ƙafarsu. Aka samar musu fili a Gimi, suka kafa ƙauye da gonaki da makaranta, wani limami baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson, yana kula da su. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen. Ƙudan tsando ya yi musu ɓarnar da ba su farfaɗo daga ita ba, cikin 'yan shekaru Gimi ta zama kufai. Yaran da suka tsira aka kwaso su zuwa Zariya, aka raba su gidaje.

Ina ganin a nan ne al'adar ta kafu. Ikkilisiyar da ta wayi gari da marayu a hannu ba ta da damar ta tsaya muhawara a kan falalar karɓar baƙo. Sai dai a ƙara gari a tukunya, a shimfiɗa wata tabarma.

Zaman birni bai ɗore ba. Gwamnatin mulkin mallaka, wadda tun zamanin Lugga ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addininsu ba, ba ta taɓa sakin jiki da zaman mishan a tsakiyar birnin Musulmi ba. Shi kuma Miller ba mutum ne mai riƙe baki ba: ya yi ta kai ƙarar Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi wurin hukuma, ya kuma sha saɓawa da Turawan mulki 'yan uwansa. Ga gidan ya yi wa makaranta da marasa lafiya kaɗan. A ƙarshen shekarun 1920, zamanin Sarki Ibrahim, aka daidaita a kan mishan ta fita bayan ganuwa, zuwa wani fili a gindin duwatsu wajen Kufena. A 1929 aka tare a Wusasa. Wanda ya ja ragamar ƙaurar shi ne Guy Bullen, matashin limami da daga baya aka naɗa bishop a Sudan, ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1937. Miller bai so wannan ƙaura ba ko kaɗan. A ganinsa fita daga birni raba Kirista Bahaushe ne da danginsa. Ya koma Kano ya ci gaba da aikin fassara, a 1932 kuma aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da shi ne ƙashin bayansa, da taimakon Hausawan da ya rena. Ya rasu a 1952 a ƙasar Jos.

Majami'ar da aka gina a sabon wurin ta cancanci a tsaya a dube ta. Ba a kwaikwayi cocin Ingila mai dogon tsini ba. Ginin ƙasa ne, na tubali da azara, da kaurin bango irin na sorayen sarauta, rufinta kuma ɗaurin guga ne a kan bakan gizo. Wanda ya san tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na sha tara, da ya ɗaga kai zai ga salon ginin iri ɗaya ne. Da rana tsaka in ka shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka, hasken da ke shigowa ta ƙananan tagogi bai wuce na karatu ba. Murya ba ta buƙatar lasifika a ciki. Irin wannan gini kuwa ba ya yafe sakaci: in damina ta wuce ba a yi yaɓe ba, ba a gyara indararo ba, sai bango ya fara zubewa. Shi ya sa kula da shi ya zama aikin gayya da ke tara jama'a. Yau akwai babbar majami'a ta siminti da ke ɗaukar taron Lahadi, tun da Wusasa ta zama mazaunin bishop mai dayosis nata, amma tsohuwar tana nan a tsaye.

Makon ikkilisiya irin wannan ba ranar Lahadi yake farawa ya ƙare ba, ko da yake ita ce ranar ado. Tun da sassafe ƙararrawa ke kira. Maza su fito cikin babbar riga da hula, mata da zane da ɗankwali da gyale, ba abin da zai bambanta su da masu zuwa ɗaurin aure a Tudun Wada sai Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi da ke hannunsu. Tsarin sujadar na Angalika ne, a rubuce yake, ba a tsallake: furta zunubi a durƙushe, karatu daga Tsohon Alkawari da Sabo, Zabura, shaidar bangaskiya da jama'a ke faɗa baki ɗaya a tsaye, wa'azi, addu'a domin shugabanni da marasa lafiya da matafiya, sa'an nan baiko. Ranar da ake Jibin Ubangiji, waɗanda bishop ya ɗora wa hannu ya tabbatar da su sai su matso layi layi su durƙusa a gaban bagade. Kalmomin da ake ji a ciki kuwa na gida ne, irin waɗanda kowane Bahaushe ya tashi da su: Allah, Ubangiji, alheri, gafara, albarka, amin.

Inda jini ke motsawa shi ne in zumuntar mata ta miƙe. Su zo gaba cikin anko, a kafa tulu a kan gammo, mai kaɗa shi ta riƙe wani ɗan faifan soso ko fata tana bugun bakinsa, yana ba da amo mai zurfi da ake ji har cikin ƙirji. A gefe ga masu caki da masu ƙwarya. Zabiya ta ba da waƙa, sauran su amsa, ƙafa tana tafiya a hankali gaba da baya. Mawaƙan kwaya suna da nasu waƙoƙin da aka fassaro masu murya huɗu, suna kuma yi da kyau, amma a gaskiya tsofaffi ba sa gyara zama sai tulu ya yi magana.

Sai lokacin sanarwa, wanda a wurina shi ne ya fi nuna halin jama'ar. Bayan an faɗi ranar ɗaurin auren wane, da wanda aka kwantar a asibiti, da gidan da aka yi rasuwa, mai sanarwa zai ce baƙin da ke cikinmu su miƙe. Mutum ya faɗi sunansa da garinsu da abin da ya kawo shi. Ɗalibi ne da ya samu shiga Jami'ar Ahmadu Bello, ko soja da aka kawo Zariya horo, ko matar da ta kawo ɗanta asibiti daga wani ƙauyen Maguzawa. A yi masa waƙar maraba, na kusa da shi su miƙa hannu. Abin da ya fi wannan muhimmanci yana faruwa ne a waje bayan an tashi, lokacin da wata dattijuwa za ta tare shi ta ce, “Ɗana, gidan wa ka sauka? Ka ci abinci kuwa?” In ya yi inda-inda, to ranar tuwonsa na gidanta.

Sauran kwanakin mako na ƙungiyoyi ne. Akwai yammacin nazarin Littafi, akwai na addu'a, akwai ranar da mata ke haɗuwa su koyi waƙa su tara ɗan abin da za a kai wa mai jego ko gwauruwa, akwai ranar da yaran Birged ke fareti da ganga da bigila a filin makaranta. Masu shirin baftisma suna zuwa aji wurin katikis. Asabar ta shara ce da gwajin waƙa. Shekara ma da nata zagayen: azumin kwana arba'in kafin Ista, ranar Waliyyi Bartholomew a 24 ga Agusta, da godiyar kaka, lokacin da ake shigo da dammunan dawa da buhunan masara da kaji har gaban bagade, a yi gwanjonsu a zuba kuɗin a asusun ikkilisiya. Da Kirsimeti kwanonin shinkafa da nama suna tsallaka katanga zuwa gidajen maƙwabta Musulmi, da Babbar Salla kuma naman layya ya biyo hanyar ya dawo. A Wusasa wannan ba ya rasa nasaba da jini, domin gidaje da yawa suna da 'yan uwa na kusa a cikin birni da ba su bar Musulunci ba.

Babbar ƙofar baƙi ita ce asibitin Saint Luke. Shekaru da dama, kafin asibitocin gwamnati su yawaita, nan ne mutanen ƙauyukan Zazzau ke kawo mai naƙuda da mai karaya da wanda maciji ya sara, akasarinsu kuwa Musulmi ne. Mai jinya ba ya zuwa shi kaɗai, sai da 'yan uwa masu dafa masa abinci, su kuma sai sun samu wurin kwana da ruwa da itace. Gidajen unguwar ne suka riƙa ɗaukar wannan nauyi. Hausawa na cewa baƙonka annabinka, Kiristocin Wusasa kuma suna da umarnin karɓar baƙo a cikin littafinsu, sai abin ya zo musu ta hanya biyu. An fitar da mishan daga birni don a raba ta da jama'a, sai ga jama'ar na bin ta har gindin dutse da marasa lafiyarsu da 'ya'yansu.

Makarantar ce ta fitar da sunan garin. Dokta Barau Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, wanda aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa da shi kuma babban asibitin Kaduna ke ɗauke da sunansa, renon wannan mishan ne. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga zuriyar Isawan nan ya fito. John Tafida Wusasa shi ne ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East a shekarun 1930. Janar Yakubu Gowon kuwa, wanda ya mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1975, ɗan baƙi ne a garin: mahaifinsa mutumin Angas ne daga ƙasar Pankshin, aikin bishara ya kawo shi, yaron ya tashi a Wusasa ya yi firamare a Saint Bartholomew, Hausar Zazzau a bakinsa. Ƙauyen da bai kai unguwa guda ta birni ba ya fitar da waɗannan, abin a jinjina ne. Amma ilimin nan shi ya kwashe 'ya'yan garin zuwa Kaduna da Legas da ƙasashen waje, har ya zama gidaje da yawa sai Kirsimeti ko jana'iza suke cika.

Tsoron Miller bai zama banza ba gaba ɗaya. Kirista Bahaushe ya daɗe yana amsa tambaya daga ɓangarori biyu: ɗan uwansa Musulmi na mamakin yadda Bahaushe zai zama Kirista, Kiristan kudu kuma na kallon rigarsa da sunansa yana shakkar ko nasu ne. Rikicin da ya tashi a Kafanchan a watan Maris na 1987 ya iso Zariya, aka ƙona majami'u da dama, daga nan kuma zama ya sauya. Yanzu majami'u a Arewa suna da katanga da ƙofar ƙarfe, matasa na tsayawa a bakin ƙofa ranar Lahadi suna duba jakar mai shiga. Baƙon da a da za a ja shi ciki ba tambaya, yau sai an fara sanin daga ina yake kafin a nuna masa wurin zama.

Garin ma ya canza. Zariya ta miƙo har ta haɗe da Wusasa, mutane daga kowace kusurwa ta ƙasar nan sun sayi filaye sun yi gini, an samu wasu ɗariku da majami'unsu. Kwalejin tauhidi ta Saint Francis tana kawo ɗalibai daga dayosis dabam dabam, waɗanda ke yin shekarunsu na karatu su tafi. Saboda su da ma'aikata da 'yan jami'a, sujada da Turanci ta samu gindin zama kusa da ta Hausa, yara da yawa kuma can suka fi karkata, inda ake kaɗa jita da ganga ta zamani. Sujadar Hausa ta fi zama ta dattawa da zumuntar mata da Maguzawan da ke shigowa daga ƙauyuka, waɗanda a yanzu su ne suka fi yawa a cikin sababbin ikkilisiyoyin da dayosis ɗin ke buɗewa a karkara.