Mutum-mutumin Mickiewicz na birnin Vilnius: dutse ɗaya, suna uku

A tsohon garin Vilnius, babban birnin Lituwaniya, akwai wani ɗan lambun shan iska tsakanin majami'ar Santa Ana da ƙoramar Vilnia. A nan ne aka kafa mutum-mutumin mawaƙi Adam Mickiewicz a shekara ta 1984, wanda Gediminas Jokūbonis ya sassaƙa da dutsen giranit. Tsayinsa mita 4 da rabi, mawaƙin yana tsaye ya jingina da wani ginshiƙi. Abin da za mu duba a cikin wannan ƴar maƙala shi ne yadda dutsen da hukumar Sobiyat ta yarda a kafa ya zama wurin da aka fara ƙalubalantar ta a fili, shekara 3 kawai bayan buɗe shi.

Sai mu fara da suna, don a nan ne rigimar take. Mutanen Polonya suna ce masa Adam Mickiewicz, mutanen Lituwaniya Adomas Mickevičius, mutanen Belarus kuma Adam Mitskevich, kowa yana cewa nasa ne. An haife shi a Disamba 1798 a yankin Navahrudak, wanda yake cikin Belarus a yau. Ya yi karatu a jami'ar Vilnius daga 1815 zuwa 1819, a can kuma aka buga littafinsa na farko a 1822. Da harshen Polonya ya rubuta waƙoƙinsa, amma babbar waƙarsa, Pan Tadeusz, wadda ta fito a Paris a 1834, da kiran Lituwaniya a matsayin ƙasar haihuwa ta buɗe. Warso da Krakow kuwa, bai taɓa taka su ba a rayuwarsa.

Mai karatu na yau zai ga kamar akwai tufka da warwara, alhali babu. Kalmar ce ta sake ma'ana. A bakin Mickiewicz, Lituwaniya ita ce tsohuwar daular da ta haɗu da Polonya a 1569, har maƙwabta suka gama raba su a 1795. Suna ne na ƙasa, watau na wuri da tarihi, inda talakawa ke magana da harshen Lituwaniya ko na Belarus, Yahudawa da Yidish, masu gari da malamai kuma da harshen Polonya. A ƙarshen ƙarni na 19, musamman zamanin da Rasha ta hana buga harshen Lituwaniya da baƙaƙen Latin (1864 zuwa 1904), ƴan kishin ƙasa suka ɗaura sunan a kan harshe. Tun daga nan ɗan Lituwaniya ya zama mai jin harshen Lituwaniya, mawaƙin kuma ya rasa gurbi guda da zai ɗauke shi duka.

Gwamnatin sarkin Rasha ta san shi sarai: ita ta kama shi a 1823 saboda ƙungiyar ɗalibai ta ɓoye da yake ciki, ta kore shi daga Vilnius a 1824, bai kuma sake komawa ba har ya rasu a Santambul a 1855. Da aka cika shekara 100 da haihuwarsa, a 1898, Krakow da Warso suka kafa masa mutum-mutumi. A Warso, da yake tana hannun Rasha, an yarda da dutse da tagulla amma an hana jawabi, aka yi bikin shiru. Vilnius ba ta samu nata na fili ba.

Daga 1920 zuwa 1939 birnin yana hannun Polonya, da sunan Wilno, Lituwaniya kuwa tana iƙirarin shi ne babban birninta. An so a kafa babban mutum-mutumi da zai nuna garin na wane ne. Zbigniew Pronaszko ya yi samfuri na katako a 1924, wanda bai wuce matsayin samfuri ba. Daga baya aka zaɓi tsarin Henryk Kuna, har aka sassaƙa alluna na dutse masu ɗauke da hotuna daga wasan Dziady na mawaƙin. Yaƙi ya katse aikin. Bayan yaƙin, Yahudawan garin an hallaka su, mafi yawan ƴan Polonya sun ƙaura, Vilnius ta cika da sababbin mazauna masu harshen Lituwaniya da na Rasha.

To, me ya sa hukumar Sobiyat ta yarda da mutum-mutumin 1984? A ganinmu, ta ɗauke shi mawaƙi marar haɗari: abokin Pushkin ne, sarki ne ya tsananta masa, Polonya kuma a lokacin ƙawa ce. Ta manta cewa duk rubutunsa na gudun hijira a kan ƙasar da Rasha ta haɗiye yake.

Ranar 23 ga Agusta 1987, ɗaruruwan mutane suka taru a gindin dutsen, bisa kiran wasu tsofaffin fursunonin siyasa, cikinsu har da Antanas Terleckas da Nijolė Sadūnaitė. Sun zo ne su la'anci yarjejeniyar Molotov da Ribbentrop ta 23 ga Agusta 1939, wadda Jamus da Tarayyar Sobiyat suka raba gabashin Turai da ita a asirce. Shi ne taro na farko irinsa a Lituwaniyar Sobiyat da aka yi a fili ba da izini ba. Ba a tarwatsa shi ba, amma daga baya ƴan sandan ciki sun bi waɗanda suka shirya shi da tambayoyi da duka. Abin lura a nan shi ne da harshen Lituwaniya aka yi taron, a gaban mutumin da bai yi waƙoƙinsa da wannan harshe ba. Bayan shekara 2, a rana irin ta, mutane wajen miliyan 2 suka riƙe hannu daga Vilnius har Tallinn, ranar 11 ga Maris 1990 kuma Lituwaniya ta ayyana ƴancinta.

A 1996 aka ɗauko alluna 6 na Kuna aka jera su kewaye da aikin Jokūbonis, watau guntayen abin da Wilno ta fara suka zo suka zauna da abin da Vilnius ta gama. Batun baƙaƙe ne ya fi daɗewa. Abajadin Lituwaniya ba shi da harafin w, saboda haka ɗan ƙasa daga tsirarun ƴan Polonya mai suna Mickiewicz ba ya iya rubuta sunansa haka a fasfo. Sai a 2022 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta halatta w da q da x a takardun shaida.