Ciwon Ƙafa Ga 'Yan Tsaki: Dalilansa Da Hanyoyin Magance Shi

Gabatarwa

Kiwon kaji sana'a ce da ta daɗe a gidajen cikin Birnin Kano, musamman a hannun mata. A unguwannin ƙananan hukumomin Dala da Gwale da Birni da Kewaye, inda gidaje ke a matse, akan reni 'yan tsaki a kwali ko kwando a lungun ɗaki ko a soro. Masu kiwon kajin gidan gona sukan sayi kwali mai ɗauke da tsaki 50, waɗanda da yawansu daga Ibadan ake kawo su a mota. Ga mai ƙaramin jari, nakasar tsaki biyar a cikin kwali guda hasara ce babba. Mafi yawan ciwon ƙafa da ke bayyana a makonni biyu na farko yana faruwa ne daga shimfiɗa ko abinci, kuma yana warkewa idan an lura da wuri. Akwai kuma wanda alama ce ta cuta mai yaɗuwa, wanda ya wajaba a sanar da hukuma.

Talewar ƙafa

Wannan yana bayyana a kwana ɗaya zuwa uku bayan ƙyanƙyasa. Tsako yakan kwanta a kan cikinsa, ƙafafun sun buɗe hagu da dama, alhali idonsa garau kuma yana neman abinci. Babban dalilinsa shi ne santsi: jarida, leda, kwali mai sheƙi, daɓen siminti ko tayil. Rashin daidaiton zafi a injin ƙyanƙyasa ma yana haddasa shi.

Maganinsa shi ne a yanki siririyar filasta ko tsumma mai laushi, a ɗaure ƙafafun biyu sama da yatsu, a bar tazara daidai faɗin jikin tsakon, yadda zai tsaya kamar sauran. A riƙa dubawa kullum don kada ɗaurin ya matse, a kwance bayan kwana uku zuwa biyar. A ware shi da abinci kusa da bakinsa, a sa masa ruwa a mazubi marar zurfi don kada ya faɗa ciki. A kwanakin farko a shimfiɗa buhun algarara, daga baya a koma ga ɓuntun shinkafa ko ɓarzajjen katako busasshe. Idan aka yi jinkiri har mako ya wuce, da wuya ƙafar ta koma daidai.

Ƙarancin sinadarai a abinci

Dusa da tsaba kaɗai ba sa isar tsakon da aka kulle, domin ba ya samun ƙwari da ganye kamar mai bin uwarsa. Matsaloli uku ne suka fi yawa:

1. Naɗewar yatsu. Wajen mako na biyu yatsu sukan lanƙwashe ciki, tsako ya riƙa tafiya a kan gwiwa. Dalili shi ne ƙarancin bitamin B2. Idan aka fara ba da bitamin na kaji a ruwan sha nan take, akan ga sauƙi cikin 'yan kwanaki.

2. Laushin ƙashi. Ƙarancin bitamin D3 ko sinadarin kalsiyam da fosfaras ne ke kawo shi. Baki da ƙashin ƙafa sukan yi laushi, tsako ya yi taku kaɗan ya durƙusa. Ya fi samun waɗanda ake ajiyewa a ɗaki mai duhu. A riƙa fitar da su tsakar gida su sha hantsi, a gyara abincinsu.

3. Gocewar jijiyar gwiwa. Gwiwa takan kumbura, ƙafa ta karkace waje, saboda ƙarancin sinadarin manganis. Idan jijiyar ta riga ta goce ba ta cika gyaruwa ba, sai dai a kare sauran.

Abincin farko na 'yan tsaki da ake sayarwa a buhu yana ɗauke da waɗannan sinadarai. Kada a ba su abincin kaji masu ƙwai, domin kalsiyam ɗinsa ya yi musu yawa, yana kuma lalata ƙoda. Sanyi ma yana hana su ci, don haka a makon farko ana buƙatar zafi digiri 32 zuwa 35, a riƙa rage kimanin digiri 3 kowane mako. Haka kuma a duba yatsu, domin zare ko gashi da ya nannaɗe yatsa yana iya yanke shi.

Cututtuka masu yaɗuwa

Idan shanyewar ƙafa ta kama tsaki da yawa a lokaci guda, tare da mutuwa, to ba batun shimfiɗa ba ne. Cutar Niyukasil, wadda wasu ke kira fakat, ta fi tsanani a lokacin hunturu. Alamunta su ne murɗewar wuya, numfashi da ƙyar, koren kashi da shanyewar ƙafa ko fiffike. Ba ta da magani, sai rigakafi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa rigakafinta, har da nau'in I-2 mai jure zafi, wanda ya dace da kajin gida.

Cutar Marek, wadda wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Hangari mai wannan suna ya fara bayyanawa a 1907, ta fi fitowa bayan mako shida. Kaza takan kwanta ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Ana yin rigakafinta ne a ranar ƙyanƙyasa, saboda haka a tambayi mai sayarwa kafin a biya kuɗi.

Kira ga shugabanni da jama'a

Murar tsuntsaye da ta ɓulla a watan Fabrairu na 2006, ta kuma dawo a 2015, ta jawo hasarar kaji masu yawa a Jihar Kano. Don haka duk inda kaji ke mutuwa da yawa, kada a yanka, kada a kai kasuwa, kada kuma a jefar a kwata ko kududdufi. A hana yara taɓa su, a wanke hannu da sabulu, a sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ko malamin gona na Hukumar KNARDA. Ana roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni da kansiloli su isar da wannan bayani ga jama'arsu, musamman ƙungiyoyin mata masu kiwo. Allah Ya sa albarka a kiwonmu.